Kauci a Bishiyar Yakaka

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gandun daji, rabinsu a dajin Baturiya, kuma a tsawon lokacin nan ban taɓa kashe bishiyar da ba ta kai a kashe ba. Sai da na yi ritaya na dawo Haɗeja da furfura a gemu, mutane suna ce mini Malam Haladu likitan itatuwa, sannan na kashe guda ɗaya. Ita ce kuwa wadda ta fi kowace kyau a unguwarmu, kuma da sanina na yi.

Bishiyar tana ƙofar gidan Yakaka, gida na huɗu daga nawa. A littafin aikinmu filamboyan ake ce mata, amma ba wanda ya damu da wannan suna a unguwa, Jar Yakaka kowa yake cewa. Da bazara, lokacin da komai ya bushe, zafi ya hana kowa sakat, sai ta yi ja tun daga sama har ƙasa. Masu komowa daga fadama da ita suke gane sun iso gari, masu hoton biki kuma nan suke kawo amare. Marigayi Malam Zarami, mijin Yakaka, shi ya zo da ita tana 'yar tsiro a gwangwanin madara. A cinya ya riƙo ta cikin jirgin ƙasa daga Nguru zuwa Birniwa, a shekarar da aka haifa musu 'yarsu tilo, Ummussalma.

Yakaka Babarbariya ce, kakanninta daga bakin tafkin Cadi suka taso, doguwar tsohuwa mai kaifin harshe. Yanar ido ta fara rufe mata gani tun kafin mijinta ya rasu, har ta kai ba ta gane fuskar mutum sai dai murya. Amma tana ganin launi. In bishiyar ta yi fure sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindinta, ta ɗaga kai ta ce, "Ga Malam can ya sa jar hularsa."

Ni a lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar matata, 'ya'ya duk sun kama gabansu, gida ya yi mini faɗi. Ummussalma ita ma mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan uwarta tana ɗinki a zaure. Kullum in zan tafi masallaci sai na ji ƙarar kekenta, sai na rage sauri. Mace ce mai natsuwa, ta haura arba'in, in ta yi dariya sai ta sa bayan hannu ta rufe baki. Na kamu, ba sai na ɓoye ba. To amma ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani dillalin kifi mai mota, akwai wani shugaban makaranta mai iya zance. Ni kuwa keke gare ni da manyan kunnuwa, kuma in na tsaya gaban mace sai bakina ya mutu. Wata huɗu na yi ina gaishe ta, ban taɓa wuce "ya aiki" ba.

Wata ranar kasuwar Guri na je sayen busasshen kifi, sai ƙafata ta kai ni rumfar wani mai magani da ake kira Garba. Na ce ƙafata, amma ƙarya nake yi, tun daga gida na ƙudura zuwa. Ni da nake sahun gaba a masallaci, ni da na sha yi wa masu sassaƙar ɓawon itace wa'azi, sai ga ni tsugune tsakanin ƙahonni da saiwoyi ina magana ƙasa-ƙasa.

Garba ya saurare ni yana ɓare goro. Ya ce, "Akwai bishiya a ƙofar gidansu?"

Na ce, "Akwai. Shekarar da aka haife ta ma aka dasa."

Ya ajiye goron. "To Malam, ai kai ka gama samu. Kaucin wannan bishiyar za ka nema. Ka tsinki ganye uku, ka jiƙa a turarenka, ka riƙa shafawa in za ka wuce. Amma ka ji sharaɗin: kada ka raba kaucin da uwar. Muddin yana manne da bishiyar, ita ma tana manne da kai. Ranar da ya mutu, to ka shirya ganin ƙeyarta."

Na ce, "Bishiyar ba ta da kauci."

"Sai ka jira tsuntsu ya kai."

Da wani ne aka gaya wa haka, da sai ya koma gida ya jira har ya gaji ya manta. Ni ilmina ne ya cuce ni. Na san yadda kauci yake hawa bishiya. Tsuntsu yana cin 'ya'yansa, ƙwayar mai danƙo ta liƙe masa a baki, ya goge a jikin reshe, shi ke nan. Ƙwayar ta huda ɓawo, ta kafa saiwa a cikin naman itacen, ta riƙa shan ruwan da uwar ta jawo wa kanta. Na san haka domin da hannuna na sare rassa ba iyaka saboda shi. Na kuma san inda ake ƙarewa in aka bar shi. Ina cikin mota a hanyar dawowa nake lissafa wannan duka, kuma kafin mu iso gari na riga na zaɓi bagaruwar da zan ɗebo 'ya'yan a kanta, can bakin kogi bayan jingar tare ruwa.

Ranar Talata da hantsi na yi sallama a ƙofar gidan Yakaka da tsani a kafaɗa, da nunannun 'ya'yan kauci bakwai a aljihun gaba.

Na ce, "Iya, na ga bishiyar nan tana da busassun rassa a sama. In kin yarda in rage mata, kada iska ta karyo su kan mutane."

Ta yi mini sannu da Barbarci ta ce, "Wushe, Malam, wushe. Tun da mai ita ya tafi ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta, sai dai a sha inuwa a tashi. Hau, Allah ya yi albarka."

Na hau. Na sare busassun rassa biyu don kada a ce ban yi komai ba, sannan na zaɓi matasan rassa masu laushin ɓawo, can inda rana take bugu, na matse ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya na liƙa su. Ko ɗar ban ji ba, wannan ma yana cikin abin da yake damuna har yau. Da na sauko Ummussalma ta kawo mini kunun tsamiya, ta ce, "Sannu da aiki, Mai bishiya."

Daga ranar kowane mako sai na hau. Ina duba ko sun kama, ina kore tururuwa daga kansu, in rana ta yi yawa har ɗan ruwa nake yayyafa musu. Yakaka tana ƙasa kan tabarma tana jin motsina. Uku suka kama. Bayan wata biyar suka fito da ganye, na tsinki uku na jefa a kwalbar turare. Sati uku da yin haka, Kawu Adam, ƙanin marigayi Malam Zarami, ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce in da gaske nake in turo manya. Ni da ban taɓa furta komai ba! Na koma gida ina kallon kwalbar turaren nan da tsoro.

Aka ɗaura aure. Ba zan ce komai game da zamanmu ba sai alheri. Ummussalma ta gyara mini gida, ta gyara mini rai, ta mayar da ni mutum mai dariya. Ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Mai bishiya, ko a gaban baƙi. Yakaka ta zama surukata, na daina haɗa ido da ita, na daina ci a gabanta, in zan gaishe ta sai na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Mutane suka ce ba su taɓa ganin suruki mai kunya irina ba. Ba su san wace kunyar ba ce.

A shekara ta biyu kaucin ya girma ya yi kumbura-kumbura a rassan, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Aikin da na fara sai tsuntsaye suka karɓa. Ƙananan tsuntsayen fadama suka gano wurin, su ci a wannan reshe su goge baki a wancan. Uku suka zama goma, goma suka zama abin da ban ƙirga ba. Maganinsa ba wuya gare shi ba. Zarto ne kawai: ka yanke reshen kamu ɗaya ƙasa da ƙullutun, ka shafe wurin, bishiya ta huta. Aikin yini ɗaya ne a shekarar nan. Kowace safiya in ce gobe.

Sau ɗaya na ɗauki zarton da gaske. Na fito tsakar gida ke nan sai Ummussalma ta yi mini magana a kan wani tulu da na bari a hanya, na mayar mata, ta mayar mini, muka yi 'yar hayaniyar da ba mu taɓa yi ba. Ta shige ɗaki ta saki labule. Na tsaya da zarto a hannu, maganar Garba tana yi mini yawo a ka. Ko taɓa kaucin ban yi ba ga abin da ya faru, ina ga na yanke? Na mayar da zarton bayan rumbu. Da azahar ta fito tana dariya ta ce tulun ma ai ita ta ajiye shi a wurin. Mai hankali da ya gane. Ni sai na ce a raina ajiye zarton ne ya dawo da ita.

Furen kauci ja ne, siriri kamar tsinken ashana, kuma ba lokaci ɗaya yake fitowa da na uwar ba. Wata rana da kaka na zo gaisuwa na tarar da Yakaka a kan tabarma ta ɗaga kai sama, fuskarta cike da murna.

"Malam, kai ne? Zo ka gaya mini, idona ne ko kuwa? Ja nake gani."

Na ce, "Ja ne, Iya."

"Da kaka? Shekara arba'in bishiyar nan ba ta taɓa fure da kaka ba. Tun da ka sa mata hannu ta koma sau biyu a shekara. Kai, Allah ya ba ka Aljanna."

Na ce, "Amin, Iya." Ina durƙushe, ina kallon yatsun ƙafata, na amsa addu'ar.

Masu ido kuwa sun ga abin da yake sama. Ba a ɓoye kauci a garin manoma. Wani maƙwabci ya ce, "Malam Haladu, wannan ba kauci ba ne ya cika bishiyar surukarka?" Na gyara tsayuwa na ce masa kauci iri-iri ne, wannan ba mai cutarwa ba ne, kuma irin wannan bishiya in aka yanke ta ba a kan lokaci ba sai ta yi ta zubar da ruwa har ta mutu. Na haɗa masa da sunaye biyu na littafi. Ya ce, "To, ku ne masana," ya wuce. Ummussalma ma ta tambaye ni, na ba ta amsar nan, ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Masu neman kauci don magani suka riƙa zuwa da 'yan wuƙaƙensu, ina kora su. Sai aka ce kai, Malam Haladu ko ganye ba ya bari a taɓa a bishiyar surukarsa.

A shekara ta huɗu aka yi ambaliya. Ruwa ya ɓalle jinga ta wajenmu, ya kwanta a unguwa kwana goma sha. Lafiyayyar bishiya tana jure wannan, ita ma ta sha jurewa a baya. Amma wannan karon ruwan ya same ta a gajiye. Da ya janye sai ganyenta ya riƙa yin rawaya yana zuba ba lokacin zubarsa ba. Ƙwari kuwa suna jin ƙanshin bishiya mai rauni. Na fara ganin ƙananan huji a jikin manyan rassa, garin itace yana zubowa daga ciki, alamar tsutsa mai huda itace ta shiga. Ɓawon ya riƙa tsagewa yana fitar da ƙaro baƙi. Gara ta ja hanyarta ta ƙasa daga gindi ta hau. Na sayo maganin feshi na goya tanki a baya, na yi ta feshi unguwa tana kallo, na kankare gara, na cusa auduga mai magani a hujin tsutsa. Duk wanda ya wuce sai ya ce sannu da ƙoƙari. Ni kaɗai na san ina korar ƙuda ne daga jikin wanda nake shaƙe wa wuya.

Bazarar da ta biyo baya, rabin bishiyar bai yi fure ba. Ummussalma ta ce kada mu gaya wa Iya, tun da ba gani take sosai ba, a bar ta da farin cikinta. Na ce haka ne. Na ji daɗin shawarar fiye da yadda ya kamata.

Sai a farkon bazarar bana likitocin ido suka zo gari, aka yi shela duk mai yana ya je a duba shi. Kawu Adam ya kai Yakaka, aka ce idonta zai gyaru, aka sa mata ranar Litinin. Ranar Lahadi da yamma muka je yi mata fatan alheri. Tana zaune a gindin bishiyar, sama da ita kuwa reshe ɗaya tak ne ya yi fure, sauran duk kauci ne kore shar da busassun itace.

Ta ce, "Ummu, in an buɗe mini idon nan kada ki nuna mini kowa. Ku na san muryarku, ta ishe ni. Nan za ki kawo ni kai tsaye. Shekara tara rabona da in ga furen nan ɗaya-ɗaya, sai dai ja kawai a dunƙule. Bana ma jan ya yi mini kaɗan, na san idon ne ya ƙara lalacewa."

Ummussalma ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ni ban iya duban kowa ba.

Litinin da sassafe, suna fita zuwa asibiti, na ciro zarton daga bayan rumbu, ya yi tsatsa. Kada a ce tuba na yi. Tsoron idon tsohuwar nan ne ya fi ƙarfin tsoron maganar Garba, shi ke nan. Na ce in na cire kaucin, ko ba fure, aƙalla za ta ga bishiya mai tsabta, in ce mata ambaliya ce.

Reshen farko da na yanka, zarton bai sha wuya ba, ya wuce kamar a cikin rake. Cikinsa rami ne, tsutsa ta cinye, gari ya zubo mini a fuska. Na ƙara yin ƙasa kamu ɗaya na yanka, haka. Na ƙara, haka. Duk inda na bi ina neman lafiyayyen itace fari, sai in tarar da baƙi, ko rami, ko saiwar kauci ta ratsa ciki. Na yini ina yanka, washegari ma na dasa daga inda na tsaya. Kafin la'asar ta Talata, abin da ya rage a tsaye gangar jiki ce da guntayen hannuwa huɗu, da reshen nan ɗaya mai fure. Shi ma da na ƙwanƙwasa gindinsa, amsawa ya yi kamar ganga. Rana ta sauka a ƙofar gidan Yakaka inda ba ta taɓa sauka ba tun ina saurayi.

Laraba da hantsi a-daidaita-sahu ta tsaya. Ummussalma ta fito ta riƙo uwarta, an sa mata baƙin tabarau. Ina tsaye kusa da tarin rassan, ban samu na kwashe ba. Yakaka ta saki hannun 'yarta, ta tako ita kaɗai, ta cire tabaran duk da an hana ta. Ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke ido kan tarin, ta sunkuya ta ɗauki wani reshe mai ƙullutu kamar kan yaro, ta jujjuya shi a hannu.

Ta ce, "Kauci."

Na durƙusa. "Shi ne, Iya."

"Wannan ba na bana ba ne. Ba na bara ba ne ma." Ta shafa ƙullutun. "To shi ne jan da nake gani da kaka."

Ta ajiye reshen a hankali, ta juyo ta dube ni, karon farko da ta ga fuskata sosai tun da na zama surukinta. Ta ga tufafina duk garin itace, ta ga tafin hannuna ya fashe. Sai muryarta ta yi laushi.

"Tashi, Malam. Kada ka sa wa ranka damuwa. Tsuntsu ne yake kawo shi, wa ya isa ya tsare sama? Ka yi iya yinka, unguwa duk shaida ce. Kwananta ne ya ƙare."

Ga ƙofa ta buɗe mini ita da kanta. Da na ce "haka ne, Iya," da maganar ta mutu a nan har abada, don Garba ko sunana bai sani ba. Na buɗe baki in faɗi hakan. Amma na amsa addu'arta sau ɗaya a kan ƙarya, na ji yadda take da nauyi, ban iya ɗaukar ta biyu ba.

Na ce, "Ba tsuntsu ba ne, Iya. Ni ne."

Na faɗa musu duka, kaina a ƙasa. Kasuwar Guri, da bagaruwar bakin kogi, da ƙwaya bakwai a aljihu, da kwalbar turare, da zarton da na mayar bayan rumbu. Ina magana ina jin muryata kamar ta wani. Da na kai wurin da Garba ya ce muddin kaucin yana manne ita ma tana manne, sai na ji Ummussalma ta ja numfashi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yakaka ta nemi wuri kan wani gungume ta zauna. Ta mayar da tabaranta.

Ta ce, "Malam, ka san dalilin da ya sa na ba ka 'yata?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba.

"Mai kifi ya aiko, mai makaranta ya aiko. Ita kuma ta ce ba ta da zaɓi, duk wanda na ga ya dace. Na ce mata, Ummu, ni ba ido gare ni ba, amma ina da kunne. Akwai mutumin da yake hawa bishiyar ubanki duk mako, da girmansa da furfurarsa, ba wanda ya sa shi, ba ya karɓar komai. Ina jin yadda yake taka rassan a hankali kada ya ji mata ciwo. Wanda zai kula da itace haka, zai kula da mutum. Ni na aika Adam ya same ka. Ban taɓa jin ƙanshin turarenka ba, hancina ya daɗe da mutuwa."

Ummussalma ta ce, a hankali, ba ni take kallo ba, "Ni na ji. Warin ganye yake yi. Na ɗauka na aikinka ne."

Na ce, "Iya, ki yafe mini."

"Wannan sai na yi tunani, ba yau ba." Ta nuna gangar jikin da sandarta. "Za ta tashi?"

Wannan karon gaskiya na faɗa. "Ba za ta tashi ba. Cikinta ya ƙare. In aka bar ta, iskar farkon damina za ta kayar da ita kan zaure."

"To ka sare ta. Kai za ka sare, da hannunka, kada ka ɗauko mini 'yan faskare. Ka tono har saiwar. Amma ka bar reshen can sai furensa ya gama zuba, ina so in gani."

Kwana goma sha ɗaya furen ya yi yana zuba. Kullum tana zaune a rana da lema, tana tsintar su ɗaya-ɗaya tana kai wa kusa da ido. Ta ce ashe a cikin kowane fure akwai ganye ɗaya mai ɗigon fari, ta manta da wannan. Ranar da na ƙarshe ya faɗi, ta aiko a ce mini in zo da gatari.

Yau kwana shida ke nan ina sara. Itacen ya ruɓe a ciki amma gindin yana da tauri, ni kuma shekaru sun ja. Yakaka ba ta gaya wa kowa ba, Ummussalma ma haka, don haka duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Jiya liman da kansa ya tsaya ya ce wa mutane su dubi Malam Haladu, shekara biyar yana jinyar bishiyar surukarsa, da ta mutu ma bai bar wani ya taɓa ta ba. Ya ce Allah ya ba kowa suruki irina. Jama'a suka ce amin.

Kaucin ya bushe tun makon jiya, na ƙone shi da kaina a bayan gari. Ummussalma ba ta tafi ko'ina ba. Tana gidana, tana dafa abinci, tana ɗinkinta, ko yaji ba ta yi ba. Ɗazu da rana ta take tsaka, sai ta kawo mini ruwa a kwanon sha, ta ajiye a kan gungumen, ta tsaya har na sha.

Ta karɓi kwanon ta ce, "Sannu da aiki, Malam."